Jagorar haɗa mota da hannunka a Kaduna

Akwai irin motar da ba a sayenta a shirye, sai dai a sayi sassanta a cikin akwatuna, ko a ƙera wasu daga cikinsu, sannan mai ita ya zauna ya harhaɗa ta a garejin gidansa. Kamfani yakan sayar da shasi da bodi da ƙarafan da ke riƙe ƙafafu, shi kuma mai saye ya nemo tsohuwar mota ya ciro mata inji da giyabos da birki da sitiyari ya ɗora a kai. A Ingila ne abin ya fi ƙarfi, inda Colin Chapman ya fitar da Lotus Seven a 1957, wata 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu da ba ta da rufi ko ƙofa, wadda akasari ake sayarwa a wargaje saboda a wancan zamani harajin da ake ɗora wa haɗaɗɗiyar mota ba ya hawa kan wadda aka saya a akwati. Da tsarin harajin ya sauya a 1973, Lotus ya sayar wa kamfanin Caterham haƙƙin ƙera ta, kuma har yau ana samunta a wargaje. A Amurka kuwa Bruce Meyers ne ya fito da motar yashi ta Meyers Manx a Kalifoniya a 1964, wadda ta shahara da bodin faiba a zaune kan shasin Volkswagen Beetle da aka rage wa tsawo.

Mutumin Kaduna ba baƙo ba ne ga motar da ke zuwa a akwati, domin tun a 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri ta fara harhaɗa 504 da sassan da ake kawowa daga Faransa. Sai dai a Kakuri akwai injiniyan da ya zana, akwai wanda ya auna, akwai mai duba aiki kafin mota ta fita ƙofa, kuma akwai littafin da kowane bakanike zai buɗe idan ta lalace. Wanda ya haɗa tasa a gida shi ne duk waɗannan mutane a lokaci ɗaya, kuma daɗin abin da ɓacin ransa duk daga nan suke fitowa. Shi ya sa wannan jagora ta fi mayar da hankali kan abubuwa biyu: zaɓen kayan da za a same su a cikin garin nan ranar da suka lalace, da rubuta duk abin da aka yi wa motar tun daga rana ta farko.

Takardu kafin ƙarfe

Mataki na farko ba a gareji ake yin sa ba. Motar da za ta hau titin gwamnati tana buƙatar lamba da lasisi da takardar lafiyar mota da inshora, kuma duk waɗannan sun rataya ne a kan lambar shasi da lambar inji da shaidar mallaka. Shasin da aka walda a Panteka ba shi da lambar da wani kamfani ya buga masa, don haka kafin ka sayi ko da noti ɗaya, ka je ofishin rajistar motoci da ke ƙarƙashin hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, ka kuma je wurin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, ka bayyana musu abin da kake shirin yi da hoto da zane, ka nemi a gaya maka abin da za su buƙata, kuma in zai yiwu a rubuce. Hukumar NADDC ita ce ke kula da harkar zanawa da ƙera motoci a ƙasar nan, kuma wanda zai ƙera sabon shasi daga tushe zai amfana da tuntuɓar ta. Mutum ya shekara biyu yana aiki sannan ya tarar ba za a ba shi lamba ba, wannan asara ce da tambayar kwana ɗaya za ta kawar.

Idan daga waje za ka yi odar kayan, wajibi ne ka nemi wadda sitiyarinta ke hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu 1972, kuma dokar hanya ta hana amfani da mota mai sitiyari a dama, alhali yawancin masu sayar da irin waɗannan kaya a Ingila suke, inda sitiyarin dama ne na yau da kullum. Da yawansu suna yin na hagu idan an nema tun wurin oda, amma juya shi bayan kaya sun iso yana nufin sake wurin ƙafafun direba da sandar sitiyari da wayarin gaba ɗaya. Shigo da kayan kuma yana bin hanyar da kowane kaya ke bi, wato buɗe Form M a banki da biyan kuɗin kwastam ta hannun wakili mai lasisi, ko a tashar Apapa ko Tin Can a Legas, ko a tashar tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a Janairun 2018. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, duk lissafin da aka yi da fam ko dala yana iya sauyawa tsakanin ranar oda da ranar isowar kaya, saboda haka ka ware rarar kuɗi mai kauri, ka kuma adana kowace takardar kwastam, domin ita ce shaidarka a wurin rajista.

A ganina, wanda zai yi aikinsa na farko a Kaduna ya fi masa sauƙi ya bi hanyar da ke riƙe da shasin asali na tsohuwar mota. Beetle ta dace da wannan ƙwarai, domin bodinta da kusoshi aka ɗaure shi a kan faifan shasi, ana kwance su a ɗaga shi, sai a bar faifan da inji da giya da ƙafafu huɗu a haɗe, kuma lambar shasin a buge take a kan doron tsakiya ƙarƙashin kujerar baya. Motar tana nan da sunanta a takarda, abin da ya rage shi ne a sanar da ofishin rajista sauyin bodi da launi, da na inji idan an sauya shi.

Zaɓen motar yanka

Mataki na biyu shi ne nemo motar da za a ciro wa kaya, kuma a nan ne masu sha'awa suka fi ruɗuwa da abin da suke gani a intanet. Turawan Ingila sun daɗe suna yanka Ford Sierra, yanzu kuma sun koma Mazda MX-5, Amurkawa masu kwaikwayon tsohuwar motar gudu mai suna Cobra suna yanka Ford Mustang, amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da za ka shiga Ori-Apata da safe ka fito da famfon ruwanta ko kulocinta kafin azahar. Ma'aunin da ya kamata ka riƙe shi ne wannan: duk abin da ke cinyewa, kamar boris da bushin da kuloci da takalmin birki da fanbel, ya zama na motar da masu sayar da kayan gyara na garin nan suka sani da suna.

Mota irin ta Seven injinta a gaba yake a miƙe, ƙafafun baya ne ke tura ta, don haka Golf da Corolla na zamani, waɗanda ke ja da ƙafar gaba, ba za su ba ka giyabos da furofela da aksul ɗin da kake buƙata ba. Masu tura ƙafar baya da aka saba da su a nan su ne Peugeot 504 da 505, da Mercedes 190, da tsofaffin a-kori-kura na Toyota da Nissan. Injin 504 mai lita biyu kowane tsohon bakanike a Kaduna ya san cikinsa, amma yana da tsayi da nauyi, kuma wajibi ne a auna shi da shasin kafin a yanke shawara, domin a ƙaramar mota santimita biyar tana iya hana bonet rufuwa. Beetle kuwa, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975, ta yi ƙaranci a kan titi amma ba ta ƙare a bayan gidaje da garejoji ba, kuma injinta ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi.

Ka sayi mota guda cikakkiya mai takardu, wadda ke tashi ko da ba ta da kyawun gani, maimakon tsintar inji a nan da giya a can daga hannun 'yan gwangwan. Ka duba cewa lambar da ke jikin ƙarfe ita ce ke jikin takarda, a rubuta yarjejeniyar sayarwa da shaidu, sannan a yi sauyin mallaka kafin a kwance kusa ɗaya. Idan hali ya yi, ka ɗan tuƙa ta na wasu kwanaki, domin giyar da ke fita da kanta ko injin da ke shan baƙin mai sun fi sauƙin ganewa a tsohon bodi. A kan Beetle, ka ɗaga darduma ka caka sukudireba a faifan ƙasa, musamman ƙarƙashin batir, inda ruwan batir ke cinye ƙarfe.

Ranar kwancewa ita ce ranar da za ka buɗe littafin motar. Ka sami babban littafi mai bango mai ƙarfi, ka ɗauki hoton kowane sashe kafin a taɓa shi, ka manna wa kowace waya takarda da sunan inda ta fito, ka zuba kusoshin kowane ɓangare a ledarsu da rubutu a jiki. Kada ka sayar da ragowar kwanon da wuri, domin bayan wata shida za ka koma nemo wani ɗan ƙarfe da ba ka ɗauka da muhimmanci ba.

Shasi da walda

Wannan shi ne mataki na uku, kuma a kansa ya kamata a fi daɗewa, domin kuskuren fenti ana gogewa amma shasin da ya karkace haka zai zauna. Kaduna tana da sa'ar masu hannu, duk wanda ya zaga tsohuwar Panteka ko sabuwa ya ga mutanen da ke ƙera injin niƙa da ƙofofi da tankuna da 'yan kayan aiki kaɗan ya san haka. Amma waldar ƙofa daban, waldar abin da zai yi gudun kilomita 100 a awa ɗauke da mutum biyu daban, kuma alhakin bayyana wannan bambanci a kanka yake.

Shasin irin na Seven ana yin sa ne da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗinsa milimita 25, kaurin bangonsa milimita 1.6. Ka je kasuwa da ma'aunin kauri a aljihu, domin bututun da ake yi wa kujeru da gadaje kamarsu ɗaya a ido amma ya fi siranta, kuma bututun ruwa mai farin shafe bai dace ba, hayaƙinsa ma yana cutar da mai walda. Ƙarfe mai wannan siranta waldar sanda takan huda shi, shi ya sa ya fi kyau a nemi mai injin MIG, wato injin da ke walda da waya da gas, wanda ya saba da shi. Kafin ka ba kowa aikin, ka kai masa guntaye biyu ya haɗa a gabanka, sannan ka ɗaure a bais ka doke su da guduma: idan ƙarfen ya lanƙwashe waldar tana nan, hannunsa ya yi, idan kuwa waldar ce ta ɓalle ta bar ƙarfen sumul, ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Ana fara aikin a kan tebur mai shimfiɗe daidai, katako mai kauri ƙafa 8 da ƙafa 4, a ja layin tsakiya a kansa, a zana wurin kowane bututu. Da farko ɗige-ɗige kawai za a yi a haɗa shasin baki ɗaya, ba a cika walda ko ɗaya ba, sannan a auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, a kuma auna kishiyarta. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, a fasa ɗigon a gyara. A nan ne za ka ji mai walda ya ɗaga tabarau ya ce, "Alhaji, ai wannan ɗan bambancin ba ya nuna kansa," kai kuma sai ka amsa cikin ladabi, "Malam, a ido ba zai nuna ba, amma a taya zai nuna, a yi haƙuri a sake." Bayan awo ya daidaita, a cika waldar ana tsallakawa daga hagu zuwa dama, daga gaba zuwa baya, domin zafi yana jan ƙarfe, kuma wanda ya gama gefe ɗaya kafin ya koma ɗayan zai tarar shasin ya murɗe.

Mai aiki da Beetle da ke son gajeren bodi irin na Manx zai yanke kimanin santimita 36 daga faifan, a bayan wurin kujerun gaba, kuma ba faifan kaɗai ake ragewa ba, har da sandar giya da igiyoyin kuloci da totur da birkin hannu da bututun mai da na birki, waɗanda yawancinsu ke bi ta cikin doron tsakiya. Wanda ba shi da mai waldar da ya amince da shi gara ya bar faifan a tsawonsa, ya yi bodin da ya dace da shi.

Abubuwa uku ba a yi musu arha. Ƙarfen kariya da ke tsaye bayan kujeru ya zama bututu mai kauri marar ɗinki, ya fi kan direba tsayi, a kafa shi a jikin shasi tare da ƙafafun da ke tokare shi ta baya. Bel ɗin kujera a ɗaure shi a jikin ƙarfe da faranti a baya, ba a jikin faiba ba. Furofela kuma, wadda a mota irin ta Seven ke juyawa dab da ƙugun direba, idan an rage mata tsawo sai an kai ta wurin mai injin juyi an daidaita ta, sannan a yi mata zoben ƙarfe da zai tare ta idan ta tsinke.

Birki, mai da wuta

A mataki na huɗu ake ɗora ƙafafu da birki da sitiyari. Kusoshin ƙafafu su zama masu lamba 8.8 ko sama da haka a bisa kansu, da noti mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa da girgiza. Sandar sitiyari ba a yanke ta a walda, a haɗa ta da gwiwoyin da aka yi domin haka. Sifirin ɗin motar yanka an yi shi ne domin nauyin da ya haura kilo 1,000, ita kuwa wadda kake haɗawa da wuya ta wuce kilo 600, don haka idan ka mayar da shi yadda yake motar za ta riƙa tsalle a kan kowane tudu. Tsayinta daga ƙasa ma sai an sake tunani, domin Turawa suna barin kimanin santimita 10 zuwa 13, wanda ba zai haye tudun rage gudu na cikin unguwanni ko ramukan da damina ke bari ba. Ka ɗaga ta gwargwadon yadda ƙafafun za su yarda, ka kuma sa farantin ƙarfe ƙarƙashin kaskon baƙin mai.

Birki ya zama mai layi biyu, na gaba daban na baya daban, ta yadda idan ɗaya ya fashe ɗayan zai tsayar da kai. Bututunsa ya zama na birki na asali, kada a yarda da jan bututun da masu gyaran firiji ke amfani da shi, domin girgiza tana sa shi ya tsage. A ɗaure shi a jikin shasi kusa da kusa, kada ya gogi komai. Tankin mai ya kasance da katangar ƙarfe tsakaninsa da mutane, tiyon mai ya zama sabo da maɗauri a kowane baki, kuma a injin Beetle a kula da ɗan bututun da ke shiga kafireto, wanda an san shi da zarewa ya watsa fetur a kan inji mai zafi.

Wayarin shi ne inda yawancin masu wannan aiki ke gajiya. Faiba ba ta ɗaukar wuta, saboda haka abin da mai rewaya ya saba da shi na ɗaure wayar at, wato wadda ke mayar da wuta zuwa batir, a jikin bodi ba zai yi aiki ba, kowace fitila sai an jawo mata tata wayar har zuwa shasi. Fitilar da ke dishewa idan an taka birki, ko sigina da ke kunna fitilar baya, kusan kullum daga nan matsalar take. Kowane layi ya sami fiyus ɗinsa, duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, a kuma sa makunni ɗaya babba da ke yanke batir gaba ɗaya. Ka zauna da mai rewayan ku zana taswirar wayoyin a littafin motar da launin kowace waya, domin bayan shekara biyu shi kansa ba zai tuna ba.

Zafi, ƙura da ruwan sama

Waɗanda suka zana irin waɗannan motoci ba su yi lissafin watan Maris da Afrilu na Kaduna ba, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, kuma ba su san cunkoson Kawo ko na kasuwar Barci da yamma ba. Hancin motar ƙarami ne, lagireton da zai shiga ciki ma ƙarami ne, don haka a toshe duk gefensa yadda iskar da ta shigo ba ta da hanya sai ta cikinsa, a sa fanka ta lantarki da ke tashi da kanta, a kuma buɗe wa iska mai zafi mafita a gefen bonet. Al'adar cire tamostat da wasu makanikai ke yi ba ta maganin zafi, ɓoye dalilinsa take yi, kuma ruwan rijiya ko na burtsatse yana tara tsatsa da ƙanzo a cikin inji, a yi amfani da ruwan lagireto na kanti. A injin Beetle, kwanonin da ke lulluɓe da shi ba ado ba ne, su ne ke kai iskar fanka kan silinda, kuma wanda ya cire su domin inji ya fito fili zai ƙone shi.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce abin tsoro. Buɗaɗɗiyar matatar iska ta soso da ake gani a hotuna tana da kyawun gani da daɗin ƙara, amma ƙurar nan mai laushi tana ratsa ta ta cinye zoben fistin, saboda haka matatar takarda a cikin akwatinta ta fi dacewa, a riƙa duba ta kowane mako. Da damina kuwa, motar da ba ta da rufi ruwa take tarawa a ƙasa, a huda mata ƙananan ramuka a faifai, a kuma sa masu ɗinkin kujerun mota su ɗinka mata murfin tamfol. Rana tana kashe launin faiba tana tsattsaga fuskarta, don haka inuwa wajibi ce a wurin ajiya.

Fita ta farko da abin da ke biyo baya

Mataki na biyar shi ne gwaji, kuma ba a titin Ahmadu Bello ake yin sa ba. A nemi fili ko hanyar da babu mutane da sassafe, a fara da gudun tafiyar ƙafa ana taka birki, sannan a ƙara kaɗan-kaɗan. Idan an taka da ƙarfi ƙafafun gaba ne ya kamata su fara kamawa, domin motar da bayanta ke fara kamawa juyawa take yi. Kafin fita a ɗiga fenti a kan kowane noti na ƙafafu da sitiyari har ya taɓa ƙarfen da ke gefensa, bayan an dawo duk wanda layinsa ya rabu ya motsa ke nan. A kai ta alaimen, a sake bin kusoshi bayan kilomita 100 na farko, sannan bayan 500. Mai faci zai so ya buga wa taya iskar da ya saba yi wa motar gida, alhali mota marar nauyi irin ta Seven abin da take so bai wuce 18 zuwa 20 a ma'auninsa ba. Inshorar da doka ta wajabta ta koma naira 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023, a yanke ta a kamfani mai rajista. Tukunyar kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku da kwafin duk takardu su zauna a motar, domin jami'an KASTLEA masu kula da dokokin hanya na jiha da 'yan sanda za su tsayar da kai fiye da kowa, wani lokaci domin aiki, wani lokaci domin kallo kawai.

Daɗin kuwa na gaske ne. Injin Beetle mai cc 1600 ƙarfinsa kimanin doki 50 ne kacal, amma da aka sauke masa nauyin bodin ƙarfe sai ya zama wani abu dabam, balle injin lita biyu a motar kilo 600. Kana zaune dab da ƙasa, kana ganin tayoyin gaba suna hawa da sauka, sitiyari yana gaya wa hannunka duk abin da ke kan kwalta, kuma gudun kilomita 70 a hanyar Zariya da safiyar Lahadi ya ishe ka jin abin da mai babbar mota ba zai ji ba ko ya ninka haka. A gidan mai yara za su kewaye ka, wani dattijo da ya yi aiki a Kakuri zai leƙa inji ya gane kafireton 504 ya tsaya ba ka labari, kuma duk ƙarar da ta taso a hanya ka san notin da ke yin ta domin kai ka ɗaure shi.

Ɓacin ran ma ba a ɓoye yake ba. Kujera biyu ce, ba ta kai yara makaranta, ba ta ɗaukar cefane, kuma uwargida tana da haƙƙin tambayar inda kuɗin ke tafiya, gara a yi wannan magana tun kafin akwatuna su iso. Hula ba ta zama a kai, babbar riga kuma haɗari ce a kusa da tayar baya da salansar da ke bi ta gefe, wadda ke ƙona ƙafar duk wanda ya sauka ba a gargaɗe shi ba. Idan ta lalace a hanya, bakaniken da ya zo zai tambaye ka wace irin mota ce, kuma amsar ba ta da amfani a gare shi sai ka buɗe littafi ka ce masa boris ɗin gaba na mota kaza ne, famfon birki na mota kaza, fanbel mai lamba kaza. Motar kamar rigar tela ce da aka ɗinka wa mutum ɗaya, babu inda za a je a ciro awonta sai wurin wanda ya rubuta shi.

Kulawar yau da kullum ba ta da wuya, sai dai ba ta son a tsallake ta. Injin Beetle yana cin baƙin mai lita 2.5, ba shi da matatar mai ta sosai sai 'yar rariya, don haka a juye shi duk kilomita 5,000 ko ƙasa da haka a lokacin ƙura, a kuma daidaita bawul a kan milimita 0.15 inji yana sanyi. Man birki yana shan danshi, a sauya shi duk shekara biyu. Tayar irin wannan mota tsufa take yi kafin ta cinye, saboda haka a karanta lambobi huɗu da ke gefenta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Zama wuri ɗaya ya fi tafiya lalata ta, domin fetur yana tsami a kafireto, batir yana mutuwa, ɓeraye suna cin waya, zanzaro kuma yana gina ɗakinsa a bakin bututun numfashin tanki har mai ya daina sauka. A fitar da ita ko da sau ɗaya a mako har inji ya yi zafi sosai, kuma bayan kowace damina a ɗaga ta a bi waldar da ke kusa da ƙafafu da tocila ana neman tsaga ko tsatsa.

Idan ranar sayarwa ta zo, kada ka sa ran kuɗin da ka kashe za su dawo, domin masu sayen irin wannan mota kaɗan ne, kuma kowannensu yana tsoron aikin da bai gani da idonsa ba. Abin da ke ɗaga farashinta shi ne hotunan shasi kafin fenti, da rasit na kayan birki, da taswirar wayarin, da takardun da lambobinsu suka yi daidai da na jikin ƙarfe. Ka miƙa wa mai saye littafin tare da makulli, ku je ofishin rajista tare a yi sauyin mallaka a ranar, ka kuma haɗa shi da mai waldar da mai rewayan da suka yi aikin, domin su ne zai fara nema.